Takardar da Ban Nuna wa Kawu Bello Ba

Har gobe ba zan manta da safiyar Lahadin da Kawu Bello ya shigo ofishinmu na Sinnar ba, makullin mota a hannunsa, ya ƙi sa shi a aljihu. Lokacin ina shekara ta tara a kamfanin inshora, abin da mu nan muke kira ta'amin, ina kan teburin motoci. 'Yan shekaru ne kafin yaƙin nan ya watsa mu. Tunda ku abokan aikina kun ce in ba ku labari ɗaya daga cikin aikina kafin in ajiye, wannan zan ba ku, ko da yake ba shi ne wanda na fita da farin jini a cikinsa ba.

Bari in fara da yadda aikin yake, saboda waɗanda ba su zauna a teburin motoci ba. Idan mai mota ya zo, abu biyu aka fi sani. Akwai na dole, wanda jami'an hanya ba sa sabunta wa mota lasisi sai da shi. Shi wannan ba ruwansa da motarka. Idan ka buge wani, ko ka lalata dukiyar wani, kamfani ya tsaya maka, har diyyar rai idan abin ya kai can. Sai kuma shamil, wato mai game komai, wanda ya haɗa da ita motar taka: ta ƙone, ta kife, a sace ta, kamfani ya gyara ko ya biya. Shamil yana da tsada ƙwarai. Amma ko shi, mutanen da ke cikin motar ba ya ɗaukar nauyinsu sai adadin da aka rubuta a lasisi. Wanda yake son a rufe fasinjoji fiye da haka, wato kamfani ya ɗauki nauyinsu, sai ya je a sauya masa lasisi, a rubuta yawan kujerunsa, sannan ya biya a kan kowace kujera. Aikina shi ne in tambayi mai mota abin da yake yi da ita, in cike takarda, in kai wa shugabar reshe ta sa hannu. Shugabarmu a lokacin Ustaza Nafisa ce, mace mai ƙarancin magana, wadda ta yi shekaru a sashen biyan asara kafin a ba ta reshe.

Kawu Bello ɗan ƙanin kakata ne, ƙauyenmu ɗaya a kudu da Sinnar, bakin kogi. Shekara talatin ya yi yana tuƙa manyan motocin mutane, daga Sinnar zuwa Wad Madani, zuwa Hartum, zuwa bakin teku, bai taɓa mallakar ko taya ɗaya ba. Da ƙarfi ya fara ja baya, sai ya sayar da rabonsa na lambun mangwaron mahaifinsu, ya haɗa da abin da ya tara, ya sayi boksi. Boksi ita ce ƙaramar motar nan mai buɗaɗɗen baya da ake ɗaukar kaya da ita. Ba sabuwa ba ce, amma tana da lafiya, fara tas, har ya sa an ɗinka mata labule mai tuntu a gilashin gaba.

Bai tsaya a teburin kowa ba sai nawa. Ni kaɗai ne Bahaushe a ofishin, kuma duk ƙauyenmu an san haka. Na miƙe na gaishe shi, na ba shi kujera. Ya ce, "Idrisu, shamil nika so. Wagga mota ita ce gonata, ita ce lambuna. In wani abu ya same ta, ni ya samu."

Na ce, "To Kawu, Allah ya sa albarka. Me za a riƙa ɗauka da ita?"

Ya ce, "Albasa, kuɓewa, buhunan dawa. Kayan kasuwa dai."

Na ɗora alƙalami a kan takarda, amma na kasa rubutawa. Ranar Juma'ar da ta wuce ina ƙauye, da idona na ga boksin nan ta fita da hantsi, bayanta cike da matan unguwarmu masu zuwa cirar albasa a gonakin famfo, waɗanda ake ba ruwa da inji. Na ƙirga goma sha uku, har da Inna Hawwa, ƙanwar mahaifiyata. An riga an yi yarjejeniya da su, zai riƙa kai su da safe ya ɗauko su da la'asar, masu gona su biya. Wannan ne ma cinikin da ya fi kawo masa kuɗi.

A ƙa'idar aiki, abin da mai mota ya faɗa shi nake rubutawa, shi ya sa hannu, laifi ya koma wuyansa. Kuma shamil shi ne abin da kowane reshe yake so a sayar, don da shi ake auna ƙoƙarinmu a ƙarshen shekara. Da na rubuta "kaya" na wuce wurin, babu wanda zai tuhume ni. Amma na san abin da zai biyo baya idan motar nan ta faɗi da mutane. Kamfani zai gyara ƙarfe, ya ce mutum biyu kawai ya sani, direba da na gefensa. Sauran kuwa, jinyarsu da diyyarsu duk a kan Kawu, mutumin da ba shi da sauran abin sayarwa.

Ban so in ƙaryata dattijo a gaban abokan aikina ba, ko da ba sa jin Hausa, don fuska tana nunawa. Sai na ce masa mu fita mu sha shayi. Akwai wata mai shayi a ƙarƙashin bishiyar darbejiya gaban ofis, muka zauna a kan 'yan kujerunta. Na bari sai da ya kurɓa, sannan na ce, "Kawu, su Inna Hawwa fa? Su ma kayan kasuwa ne?"

Ya ajiye kofin. Ya ce, "Mi kaka nufi?"

Na yi masa bayani dalla-dalla. Na ce kuɗin da ya zo da su ba za su ɗauki shamil da fasinjoji a haɗe ba. Ko dai ya rufe motar ya bar mutanen, ko ya rufe mutanen ya bar motar. Na ce mota idan ta tafi, an yi asara, amma mutum yana nan da ransa da mutuncinsa. Idan kuwa mata uku ko huɗu suka rasu a bayan motarsa, ba shi da abin biya, kuma dukansu 'yan uwa ne da maƙwabta, waɗanda zai riƙa haɗuwa da mazajensu a masallaci sau biyar kullum.

Ransa ya ɓaci sosai. Ya ce, "Shekara talatin ina bisa hanya, ban taɓa kashe ko akuya ba. Yau na sayi tawa, ɗan ɗiyar gidanmu shina yi mini fatan gawa. Na zo wurinka don kai namu ne, ka rubuta abin da na ce, ba don ka yi mini wa'azi ba."

Na ce, "Don ni naku ne shi ya sa na kasa rubutawa."

Ya tashi, ya biya kuɗin shayin da kansa don kada in biya, ya shiga motarsa ya tafi. Na koma ofis. Ustaza Nafisa ta ɗago kai ta tambaye ni ina dattijon. Na ce zai yi shawara.

Kwana huɗu ban ji daga gare shi ba. Ranar Alhamis sai ga shi da sabon lasisi a hannu, ya je da kansa an duba motar, ya sa an kafa mata benci biyu da rumfa, an rubuta mata mutum goma sha biyu. Bai zauna ba. Ya ce, "Na kwana huɗu ina ganin fuskar Hawwa. Rubuta yadda ka ce. Amma ka tabbata babu wata hanya da ita ma motar za ta samu wani abu?"

To a nan ne abin da nake son ku ji yake.

Akwai wata hanya. A aljihun teburina akwai takarda ta uku, wani tsari da kamfani ya fito da shi wanda ba kowa ya damu da shi ba. Shi ba ya biyan karce ko fashewar fitila ko lotsewar ƙofa. Sai idan mota ta lalace ɗungurungum, ta yadda gyaranta ya fi ƙarfin darajarta, sannan ya biya kaso mai yawa na kuɗinta. Tsadarsa ba ta kai rabin shamil ba, kuma ana iya biyansa kashi biyu. Da an ɗora shi a kan na fasinjoji, abin da Kawu zai ƙara bai wuce cinikin boksin na mako uku ba.

Na jawo aljihun teburin, na ga takardar, na mayar na rufe. Na ce masa, "Babu, Kawu. Da kuɗin nan, wannan shi ne daidai."

Na yi shekaru ina tambayar kaina dalilin da ya sa na yi haka. Abin da na gaya wa kaina a lokacin shi ne, idan ya ga tsarin da zai rufe motar da araha, zai koma ga son motarsa, ya ɗauki wannan kaɗai, ya watsar da na fasinjoji, ya tafi da sauran kuɗinsa. Na san yadda yake ji da motar nan. Wannan tsoron gaskiya ne. Amma akwai wani abu a ƙarƙashinsa da ban so in duba ba. Dattijon da ya ɗauke ni a kafaɗa ina yaro ya dawo ya bi maganata, daɗin haka ya cika ni, ban so a sake buɗe gardamar da na riga na ci ba.

Ya sa hannu, Ustaza ta sa hannu, ya tafi.

Wata bakwai motar tana aiki lafiya. Ya fara sauya rufin ɗakinsa, ya mayar da 'yarsa ta ƙarshe makaranta a Wad Madani. Idan na je ƙauye ranar Juma'a yakan tsaya ya rage mini hanya, bai taɓa tayar da zancen ba, ni ma haka.

Sai damina ta faɗi. Duk wanda ya san baƙar ƙasarmu ya san yadda take zama idan ta sha ruwa, santsi kamar sabulu. Wata safiyar Talata ya kai matan gona wajen noman kuɓewa, ya sauke su, ya juyo shi kaɗai ta hanyar da ke bin gefen tur'a, babbar magudanar da ke kai ruwa gonaki. Ruwan daren jiya ya cinye ƙarƙashin hanyar, ba a gani daga sama. Gefen ya zabtare da shi. Motar ta juya sau biyu ta faɗa cikin ruwa, tayoyi a sama. Allah ya sa gilashinsa a buɗe yake, ya fito, wasu makiyaya suka jawo shi. Ya karye a ƙashin wuya, ya sha ruwa, amma ya rayu.

Sai washegari aka samu tarakta ta fito da motar. Ni aka tura tare da injiniyan kamfani mu duba, don haka ƙa'ida take ko da an san ba za a biya ba. Injiniya ya zagaya ta sau ɗaya, ya leƙa ƙarƙashi, ya ce ƙashin bayanta ya murɗe, injin ya sha laka, ba ta gyaruwa. Lalacewa ɗungurungum, daidai abin da takardar nan ta uku take biya.

Da na kawo rahoto, Ustaza Nafisa ta karanta fayil ɗin tun daga farko. Ta kira ni ofishinta, ta ce in rufe ƙofa. Ta ce, "Ya Idris, shawarar da ka ba shi a kan fasinjoji, da ni ce ita zan ba shi. Amma ban ga inda aka nuna masa tsarin asarar mota gaba ɗaya ya ƙi ba. Ka nuna masa?"

Na ce ban nuna ba. Na fara kawo dalilina. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Wataƙila da ya yi abin da ka ji tsoro. Wataƙila kuma da bai yi ba. Yanzu ba mai sani, don ba ka bar shi ya gwada ba." Ta ce a doka babu abin da zai kama ni, don mutumin ya sa hannu a kan abin da ya saya. Ba ta rubuta mini takardar gargaɗi ba. Ta dai ce ni zan kai masa amsar kamfani da bakina, ba za ta aika wasiƙa ba.

A ƙauye magana ta riga ni isa. Ana cewa Bello ya je da kuɗin shamil a hannu, ɗan gidansu ya hana shi. Mahaifiyata ba ta ce mini komai ba sai, "Ka je ka duba kawunka," ba ta ko dube ni ba. Matan da yake ɗauka sun koma tafiya a ƙasa, awa ɗaya da rabi zuwa gona, suna wucewa ta ƙofar gidanmu.

Na same shi kwance a kan gadon igiya a inuwar zaure, hannunsa ɗaure a ƙirji. Na gaishe shi, na yi masa jaje. Na gaya masa kamfani zai biya kuɗin asibitinsa, tunda kujerar direba tana cikin waɗanda aka rufe, amma motar babu komai. Ya ce ya sani. Ya ce, "Ka ga inda benci ya lanƙwashe? Minti ashirin kafin nan mutum sha biyu na zaune a wurin. Ba ni da abin cewa sai godiya ga Allah. Kada ka saurari mutane, kai gaskiya ka gaya mini."

Da na yi shiru a nan, da na tashi da mutuncina, har da ƙari. Na zauna ina kallon ƙasa, ina jin yana wanke ni daga laifin da bai san na yi ba. Sai na ce, "Kawu, ba duka gaskiyar na gaya maka ba." Na ba shi labarin takardar, da kuɗinta, da abin da za ta biya shi yau da ya saye ta, da dalilin da ya sa na ɓoye.

Ya juya fuskarsa wajen bango. Da ya juyo, muryarsa ba ta tashi ba, kuma wannan ya fi mini ciwo. Ya ce, "Na tambaye ka da bakina, ka ce babu."

Na ce, "Haka ne."

Ya ce, "Wallahi ban san abin da zan zaɓa ba ran nan. Watakila in ce ba ni da ƙarin mako uku, in bar ta. Da yau asarar tawa ce, ni na yi ta, in haɗiye ta. Amma kai ka zaɓa mini, kamar ni yaro ne ba a ba ni wuƙa. Tashi ka tafi, Idrisu. Ba na fushi, amma ba ni son ganinka yanzu."

Na tafi. Na koma bayan mako biyu da abin da na iya haɗawa daga albashina, ya mayar mini ta hannun mahaifiyata, ko buɗewa bai yi ba. Ya sayar da gawar motar ga masu kayan gyara a Sinnar. Da karayarsa ta warke, yana da shekara sittin da wani abu, ya koma tuƙa motar haya ta wani ɗan kasuwa tsakanin Sinnar da Wad Madani. Bai sake mallakar mota ba har ya ajiye tuƙi. Wannan ba wani abu da ya zo daga baya ya gyara shi, kuma ba zan yi muku ƙarya in ce ya gyaru ba.

Kusan shekara guda muna gaisawa sama-sama. Sai wata rana wani direban tasharsu, Balarabe daga Rufa'a, ya shigo ofis yana tambayar wane ne Idris. Ya zauna a gabana ya ce Hajj Bello ne ya aiko shi. Ya ce, "Ya ce in zo wurinka, kai ba ka tsoron gaya wa mutum abin da ba ya son ji. Amma ya ce kada in sa hannu sai ka zazzage aljihun teburinka gaba ɗaya a gabana." Mutumin yana dariya, ya ɗauka wasa ne irin na tsofaffi. Ni ban yi dariya ba. Na jawo aljihun, na fito da duk abin da ke ciki na shimfiɗa masa. Bayan shi wasu sun zo, duk da saƙo iri ɗaya.

Abin da na koya ke nan, kuma shi nake so ku riƙe. Mutum zai zo ya tambaye ku inshora nawa ta ishe shi. Ba ku da amsar, don ba ku san ta inda asara za ta ɓullo ba. Ni na zuba ido a kan mutanen da ke bayan mota, sai ta zo ta ɗauki motar ba kowa a ciki. Abin da za ku iya shi ne ku tambaye shi wa yake ɗauka, wace hanya yake bi, me zai rage masa idan motar ta tafi, wa zai biyo shi idan ya raunata wani. Ku faɗi ra'ayinku ba tsoro, ko da zai tashi ya bar muku shayinsa. Sannan ku shimfiɗa masa kowace takarda, har wadda kuke fargabar zai ɗauka, ku janye hannunku. Shi ne zai kwana da abin da ya zaɓa shekara da shekaru, ku kuwa ƙarfe uku na yi kun rufe ofis kun tafi gida.